Ranar da Sai-Na-Gani Ya Hau Tsani

Idan ana lissafa mutanen da ke riƙe da garin nan don kada ya rushe a kanmu, dole a fara da Babban Jami'in Sa Ido kan Gine-gine da Gyare-gyare na ƙaramar hukuma. Shi kansa ma da kansa yake farawa. Sunan muƙaminsa ya fi ƙofar ofishinsa faɗi, har sai da mai rubutun allo ya ƙarasa shi a jikin bango. Jama'a kuwa ba su da numfashin da zai kai su ƙarshen sunan, sai suka taƙaita masa, suna ce masa Sai-Na-Gani. Ya ji sunan, ya jujjuya shi, ya ga ba shi da tsaga, ya karɓa.

Ba ka ɓata shi a cikin taro. Farar hular kwano a ka, tef ɗin awo a ƙugu, ƙaramar guduma a aljihun gaba inda wasu ke saka biro. Hular nan ba ta sauka ko a ofis, ko da yake babu abin da ya taɓa faɗowa daga silin ɗin ofishin sai ƙadangare. Mai askinsa ne kaɗai ya san siffar kansa, shi ma sai ya yi roƙo.

Aikinsa kuwa, a faɗi gaskiya, yana yin sa. Babu kwalbatin da ke garin nan da bai durƙusa ya leƙa cikinsa ba. Babu daɓen kasuwa da bai ƙwanƙwasa da gudumarsa ba, ya kara kunne, ya lumshe ido kamar likita a ƙirjin mara lafiya. Akwai lokacin da wani magini ya rufe magudanar ruwa ta bayan makaranta kafin Yallaɓai ya iso. Yallaɓai bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi a buɗe. Aka fasa simintin da ya riga ya bushe, aka ɗaga marfin, ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya ce aiki ya yi kyau, a rufe. Tun daga ranar babu ma'aikacin da ke rufe ko da tukunyar fenti ba tare da ya waiwaya ba.

"Ni ba na aiki da an ce," haka yake gaya wa 'yan majalisa duk lokacin da suka yi kuskuren ba shi dama ya yi magana. "An ce ba injiniya ba ne. An ce bai taɓa riƙe bango ba. Idon nan nawa da kuke gani, ba nawa ba ne ni kaɗai, idon hukuma ne, ajiya aka ba ni."

Sai dai idon hukuma yana da iyaka, kuma iyakarsa tsayin Yallaɓai ne a tsaye. Bawan Allahn nan ba ya hawa sama. Ba wai ba ya so ba ne, ƙafafunsa ne ba sa yarda. Da zarar tafin ƙafarsa ya rabu da ƙasa, gwiwoyinsa sai su fara wata hira tsakaninsu wadda ba a gayyace shi ba. A gidansa, in ƙwan lantarki ya mutu, matarsa ce ke taka kujera ta canja, shi kuma ya tsaya a ƙasa da hularsa, ya riƙe mata kujerar da hannu ɗaya, yana nuni da ɗayan.

"Murɗa dama, Maman yara. Dama na ce."

"Baban yara, dama nake murɗawa."

"To ci gaba. Ina lura."

Shekara da shekaru wannan bai hana komai ba, domin Allah ya haɗa shi da mataimaki, wani siririn mutum mara magana da ake kira Dogo. In aka zo maganar rufi, Dogo ke ɗaukar tsanin ofis ya hau, ya dudduba, ya sauko ya ce da kyau ko ba kyau. Yallaɓai kuma ya ɗaga kai gwargwadon yadda hula ta bari, ya ce shi ma abin da ya gani ke nan. Cikin wannan kwanciyar hankali ne ya zauna ya tsara wa majalisa sabuwar doka: ba za a ƙara ɗora kwano a kan wani ginin hukuma ba, sai jami'in sa ido ya hau da ƙafarsa, ya ga katakon rufin daga sama, da idonsa. Ya karanta ta a tsaye, da murya mai kauri. Aka tafa masa. Har yanzu yana cewa ranar ce garin nan ya shiga sahun garuruwa.

Ba a daɗe ba Dogo ya yi ritaya, ya koma ƙauyensu da ciwon gwiwa. Ba a kawo wani ba. Doka ta zauna, tsani ya zauna a sito, Yallaɓai kuma ya shiga addu'ar kada wani rufi ya lalace a zamaninsa.

Rufin da ya lalace na ɗakin haihuwa ne, a ƙaramin asibitin unguwa. Daminar bara ta nuna wa kowa cewa kwanon ya zama rariya, har ma'aikatan jinya sun ƙware wajen jan gado da mai naƙuda a kai zuwa inda ba ya zuba. Majalisa ta amince a gyara. Kafinta ya zo da mutanensa, suka yaye tsohon kwano, suka cire ruɓaɓɓen silin, suka jera sabon katako fes. Sabon kwano na jingine a tsakar asibitin yana ƙyalli. Aikin yini guda ya rage. Abin da ake jira kawai shi ne idon hukuma.

Kafin nan, mata na haihuwa a sito. An tura kwalayen magani gefe guda, an rataye zane a taga, an shigar da gado ɗaya da ƙyar, ta yadda in ungozoma ta sunkuya sai bayanta ya taɓa tsintsiya da bokiti. Siton kuma bango ɗaya ya raba shi da ɗakin da ba rufi. Ruwan farko da zai sauka, ta nan zai bi, ya jiƙa bango, ya kwanta a ƙarƙashin gado da magunguna. Gabas kuwa ta fara yin duhu da yamma.

Babbar ungozomar asibitin yayar Yallaɓai ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goya shi. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, wadda rabin yaran unguwar ta hannunta suka shigo duniya, ba ta kuma da lokacin dogon suna.

"Auta, yaushe za ka zo ka duba mana katakon nan?"

"Yaya, a bakin aiki ba Auta ba ne. Ofis ne ke magana."

"To ofis, yaushe za ka zo?"

Ya zo. Ba za a ce bai zo ba. Ya zo da safe da hularsa da gudumarsa, kafinta ya tarbe shi da murna, ya jingina tsani. Yallaɓai ya wuce tsanin kamar bai san shi ba, ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Aikin sa ido daga ƙasa ake fara shi," ya ce. "Wanda ya fara da sama, me zai taka?"

Ya ƙwanƙwasa dokin ƙofa. Ya auna taga, ya sake aunawa ko ta canja ra'ayi. Ya bi daɓen ɗakin haihuwa da rarrafe daga kusurwa zuwa kusurwa, rana na dukan hularsa ta inda rufi ya kamata ya kasance. Ya gano cewa ƙofar banɗaki tana ƙara in an buɗe ta. Kafinta ya ce ba a ba shi aikin ƙofar banɗaki ba. Yallaɓai ya ce shi ya sa take ƙara. Da azahar ta yi ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya sanar da cewa an kammala matakin ƙasa cikin nasara, za a sa ranar matakin sama.

Ranar matakin sama, tsani ne ya faɗi jarrabawa. Yallaɓai ya sa aka kwantar da shi a ƙasa, ya bi shi da guduma, ya tambaya wa ya duba tsanin kafin a kawo shi wurin dubawa. Babu wanda ya duba. Ya girgiza kai cikin baƙin ciki. Kafinta ya aro na ƙarfe a wurin mai walda. Yallaɓai ya ce ƙarfe da hadari ba sa haɗuwa, shi kuma ba zai jefa dukiyar hukuma cikin haɗari ba, yana nufin kansa. Aka kawo wani na katako, sabo. Ya ce sabo ne, ba a san halinsa ba.

Yaya ta san ciwon. Ita ce ta taɓa sauko da shi daga kan katangar gidansu yana yaro, yana ihu, alhali katangar ba ta kai kafaɗarta ba. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ba ta kuma so ta fara yanzu. Sai ta ja shi cikin ɗakin da ba rufi, inda ba mai jin su, ta nuna sama.

"Ga katakon nan a fili, silin babu. Ɗaga kai ka duba daga nan, ka ce a rufe. Wa zai sani?"

"Doka ta ce daga sama."

"Wa ya rubuta dokar?"

"Ni."

"To?"

"Shi ya sa, Yaya. In wani ya karya ta, laifi ne. In ni na karya ta, tarihi ne."

Ta ce to kafinta ya hau ya ɗauko masa hoto a waya. Ya ce waya ba ma'aikaciyar hukuma ba ce. Ta ce a aika a kira Dogo. Ya ce Dogo yanzu farar hula ne, idonsa ya koma nasa na kansa. Ta ce to ko tamfol a shimfiɗa a kai kafin ya shirya, saboda ruwa. Nan Yallaɓai ya yi murmushin mai ilimi.

"Tamfol me yake yi, Yaya? Rufewa. Doka ba ta ce kwano kaɗai take tsoro ba. Rufi rufi ne."

Ta juya ga kafinta a ɓoye, ta ce ya buga kwanonsa kawai, ita za ta ji da ƙanenta. Kafinta ya sosa ƙeya. Ya ce Inna, shi yana nan ranar magudanar bayan makaranta. In ya buga, za a sa shi ya ɓamɓare, kwanon da aka ɓamɓare kuma ya zama rariya tun kafin ya ga damina. Gara ya jira.

Aka jira. Iska ta fara kawo ƙamshin ruwan da ya sauka a wani wuri. Yallaɓai kuwa kullum yana tafe, bai taɓa fashi ba. Ya duba magudanar tsakar asibiti. Ya duba allon suna. Ya duba sabon kwanon da ke jingine, falle bayan falle, ya yaba masa ƙwarai. Har wani ɗan jawabi ya yi wa masu jinya a baranda kan illar gaggawa a harkar gini, suka saurare shi da ladabi, domin ba su da inda za su je.

Rannan da yamma Yaya ta biya gidansa lokacin da ta san ba ya nan. Ta tarar da matarsa a kan kujera tana goge fanka.

"Ƙanwata, sauko mu yi magana. Akwai tsanin da mijinki ba zai iya kushewa ba?"

Matar ta sauko, ta yi tunani, ta ce akwai ɗaya. Na ofis, wanda Dogo ke hawa. Baban yara da kansa ya duba shi, ya buga masa tambarin ofis a jiki, har yakan ba baƙi labarinsa a matsayin tsanin da babu irinsa a duk ƙananan hukumomi. Makullin siton ofis ɗin kuma yana cikin aljihun rigarsa da ta wanke jiya.

Washegari ranar awon ciki ce. Baranda ta cika da mata masu juna biyu, da iyayensu, da surukansu, kowacce da katinta a hannu. A sito akwai wata da naƙuda ta kama tun safe, ƙaramar ma'aikaciyar jinya na tare da ita. Hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, irin wanda ba ya wasa. Yallaɓai ya shigo, ya ga taro, zuciyarsa ta yi fari, domin bai taɓa ganin taro ya bar shi ya tafi haka nan ba.

"Iyayenmu mata," ya fara, "na san ana ta ƙorafi. Ana cewa jami'i ya ƙi hawa. Ina so ku sani, ni a shirye nake tun ranar farko. Kayan aiki ne ba su shirya ba. Ku kawo mini tsanin da ya cika ƙa'ida, ku ga aiki. Wallahi ko ƙiftawa ba zan yi ba."

Wata tsohuwa da ta rako surukarta ta nuna da haɓa.

"To ga shi can, ɗan nan. Har da hatiminka a jiki."

Ya waiwaya. Tsanin ofis na jingine da bangon ɗakin haihuwa, tambarin na kallonsa. Kafinta na riƙe da ƙafar tsanin. Yaya na tsaye a gefe, ta harɗe hannu.

Ya matsa kusa. Ya ciro guduma, ya mayar. Kushe tsanin nan kushe tambari ne, kushe tambari kuma kushe Babban Jami'in Sa Ido ne, abin da bai taɓa yi ba ko a mafarki. Ya dubi mata. Mata suka dube shi. Ya gyara zaman hula, ya yi bisimilla a bayyane, ya ƙara wasu addu'o'i a ɓoye, ya kama tsani.

Ya cika alkawari, bai ƙifta ba. Tun daga matakin farko ya rufe idon gaba ɗaya, bai sake buɗewa ba. Haka ya hau, yana lalube, tsani na rawa ba don iska ba. Da hannunsa ya taɓa katakon farko sai ya rarrafa kansa, ya kwanta rub da ciki, ya rungume shi hannu da ƙafa, ya manna kunci a jikinsa kamar ya ga ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya.

Kafinta ya hau ta ɗaya gefen, ya tsuguna kusa da shi.

"Yallaɓai, yaya katakon?"

"Yana da ƙarfi."

"A duba na can gefen?"

"Duk suna da ƙarfi! A rufe! A rufe!"

Baranda ta ɗauki kabbara da guɗa. Mutanen kafinta suka fara miƙa kwano, guduma ta fara aiki. Kafin a ce haka sun rufe gefe guda, sun zagayo, sun rufe rabin ɗayan. Sai aiki ya tsaya, domin a daidai inda falle na gaba zai zauna akwai Babban Jami'in Sa Ido kan Gine-gine da Gyare-gyare, kuma babu alamar yana da niyyar tashi.

"Yallaɓai, za mu buga nan."

"Ina kan nazari."

"Hadari ya iso, Yallaɓai."

"Nazari ba ya sanin hadari."

Iska ta taso, ta ɗauke farar hular, ta wurga ta tsakar asibiti, ta yi ta gangarawa har bakin magudana. Jama'a suka ga abin da mai aski kaɗai ya sani. Aka yi tsawa. Daga saman rufi wata siririyar murya ta fito, wadda ba ta ofis ba ce ko kaɗan.

"Yaya! Wayyo Yaya!"

Yaya ta kwance hannu. Ta naɗe hannun riga, ta je gindin tsani, ta ɗaga kai. Muryar da ta yi amfani da ita duk matan barandar sun san ta, wasu ma har suka gyara zama.

"Ina nan, Auta. Ba inda za ni. Ja numfashi ta hanci. Sake shi ta baki. Yawwa. Kar ka yi komai sai na ce."

"Ba zan iya ba!"

"Kowa haka yake cewa. Saki kafaɗa. Wannan ƙanƙamewar ita ke wahalar da kai. Yanzu miƙo ƙafar dama a hankali. A hankali na ce, ba a yi wa abin nan gaggawa."

"Zan mutu!"

"Ba a hannuna ba. Ƙara kaɗan. Ka kusa."

Mata suka shiga taya ta daga baranda. Sannu, bawan Allah. Daure. Saura kaɗan. Tsohuwar nan ta ce a bar shi ya yi ihunsa, ihu na taimakawa. Ƙafa ɗaya ta samu tsani, ɗayar ta biyo ta. Yaya ta kama idon sawunsa, ta riƙa sauke shi mataki bayan mataki, tana yaba masa a kan kowanne. Da tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa sai ya zauna daɓas, ya saki wani kuka gajere, sannan ya buɗe ido.

Sama kuwa guduma ta ci gaba. Ana buga ƙusar ƙarshe ɗigon farko na sauka. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, ya daki sabon kwano da ƙara mai daɗin ji. Yaya ta shiga ɗakin haihuwa, ta tsaya a tsakiya, ta ɗaga kai, ta buɗe tafin hannu. Ko ɗigo.

A baranda an miƙo wa Yallaɓai hularsa, ya zubar da ruwan ciki, ya kifa. Da hula ta zauna sai murya ta dawo.

"Abin da kuka gani yau," ya gaya wa mata, "sabuwar hanyar gwajin katako ce. Jami'i kan ɗora dukan nauyinsa, ya girgiza, ya saurara da kunci. Ba kowane jami'i ke kai wa wannan mataki ba. Zan gabatar wa majalisa da bayani."

Yaya ba ta tsaya ji ba. Ta je famfo ta wanke hannu har gwiwa da sabulu, yadda ta saba bayan kowane aiki, ta nufi sito don a dawo da gado ɗakinsa. Mai naƙudar nan, wadda ta ji ihu da guɗa da sannu-sannu ta bango amma ba ta ga komai ba, ta ɗago kai da ƙyar.

"Inna, wata ta riga ni ne? Me aka samu?"

"Namiji," in ji Yaya, tana goge hannu. "Ta ƙafa ya zo, ya ba mu wahala. Amma ya yi kuka, zai rayu."